Ranar da za ki tsaya wa kanki a Lyon

Paris, Porte de la Chapelle
Satumba, 1998

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata jirgin ƙasa ya sauke ki lafiya, kin tarar da ɗakin da ɗumi, ƙugun kuma bai tashi ba saboda zaman hanya. Allah ya tsare mini ke a garin da ba ki da kowa, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin sanyi. Wannan takarda na cusa ta ƙarƙashin bargo a akwatinki, don na san halina. In na ce da baki zan faɗa miki, kafin in kai rabi na koma faɗan kin bar kofi a kan gado. Ki karanta a hankali. Hausarki ta Paris ce, rubutuna kuma na ajin yaƙi da jahilci ne na Damagaram, sai mu yi haƙuri da juna.

Maganar guda ce. Hukumar da ke duba masu naƙasa ta hana ki tallafin manya da kika nema da kika cika ashirin, wai amosanin jinin da ya cinye miki ƙugu bai kai ya hana ki komai ba. Kin ɗaukaka ƙara, tunda kuma adireshinki ya koma Lyon, can kotu za ta kira ki kafin ƙarshen shekara. Kin ce ba lauya, ba tafinta, ke za ki tsaya wa kanki. Kin kuma ji sharaɗin babanki da kunnenki. Zai riƙe miki ɗakin nan na ƙasa da ke kusa da jami'a a Villeurbanne har hutun Disamba. In an ba ki, ki ci gaba da karatunki. In an hana, ki tattaro ki dawo, don ba zai yarda ki je tsayuwar aikin sito a Vénissieux da wannan ƙafa don neman kuɗin haya ba. Kin yi fushi da shi kwana biyu, amma a nan kam yana da gaskiya.

Ni ban yi lekol ba, wato makarantar boko, ban san doka ba. Abin da na sani shi ne yadda ake faɗuwa a irin wannan zama, don na taɓa kai ki, kina shekara goma sha uku, lokacin da muka nemi tallafin yara, kuma da hannuna na kayar da ke. Kin san wani abu a ciki, wani kuma ba ki sani ba. Yau zan faɗa miki duka.

Ɓarnar ta fara tun kafin a kira mu. Kin san gidanmu tasha ne. Ɗan kasuwa, ɗalibi, mai neman magani, duk wanda ya sauka daga gida nan yake ajiye jaka, ya buɗe firiji, ya buɗe durowa yana neman almakashi. To duk lokacin da aka sallamo ki daga asibiti aka ba ni takarda, sai in yayyaga ta in zuba a shara kafin wani ya gani. Mai tambaya in ce masa sanyi ne ya kama ki. Tsorona kada labari ya riga ki isa Damagaram, a ce 'yar Hadiza mai emasi ce, wato amosanin jini, ranar da wani ya zo nemanki a ja shi gefe a raɗa masa. Ina ta tsare miki auren da ba a ma san ranarsa ba, ashe shaidarki nake zubarwa. Da aka tambaye mu sau nawa kika kwanta asibiti, takarda uku kacal muka iya ajiyewa a kan tebur, ke da ma'aikatan ɗakin yara suka san irin biskit ɗin da kike so.

Tun watan Yuni nake yawon gyara wannan. Na bi asibitocin da kika kwanta ina roƙon kwafi, har matar da ke ajiyar takardu a ɗaya daga ciki ta fara tanadar mini kujera in ta hango ni. Wasu an samu, wasu sun bi ruwa. Abin da aka samu yana cikin koren dosiye na zuba takardu a ƙasan akwatin, na jera su shekara bayan shekara. Daga yau ko takardar magani ce kada ki yar. Ki yi kwafin kowace, ki miƙa musu kwafin, ki riƙe ta ainihin a hannunki. Kuma da kin isa ki nemi likitan da zai riƙa ganinki a can, ya rubuta halin da ƙugun yake ciki yanzu, don abin da ke gabansu yau shi za su fi dubawa.

Sai safiyar zaman. Kin tashi da ciwo, asansar, na'urar hawa benenmu, kuma ta lalace kamar yadda ta saba. Na gasa miki ƙugu da ruwan zafi, na ba ki maganin kashe zafi, sannan na shiga aikin da nake gani shi ne babba. Na ciro atamfar sallarki, na gyara miki kitso, na shafa miki hoda, na zizara miki kwalli don kada a lura da rawayar idonki. Sai ka ce suna za mu. A ganina ba a shiga gaban manyan mutane a yamutse, kada a ce ga 'yan Afirka nan sun zo bara. Da muka isa, na karɓe sandarki na tura ta ƙarƙashin bencin da ke waje, na ja miki kunne ki gaida kowa, in an tambaye ki jiki ki ce da sauƙi. Likitan kwamitin da ke sauraronmu ya ce ki taka zuwa taga ki dawo. Kika cije leɓe, kika miƙe sak, kika je kika dawo ko ɗingishi babu, sannan kika waiwayo kina duban fuskata ko na ji daɗi. Na kuwa ji daɗi, don wauta. Har a raina ina cewa yarinyar nan ba ta ba ni kunya ba.

Saboda haka ranar da aka kira ki, ki tafi yadda kike tafiya aji ranar Talata. Ki yi tsafta, amma kada ki yi kwalliyar ɓoye komai. Sandar ta shiga tare da ke, ta zauna kusa da ke inda kowa zai gan ta. In likita ya ce ki taka, ki taka irin takunki, inda kika saba tsayawa ki huta ki tsaya. In ya ce ki durƙusa kuma ba za ki iya ba, ki ce ba za ki iya ba, ba jarrabawa ba ce da za ki ce sai kin zo ta ɗaya. Kada kuma ki ƙara gishiri, don na san ki da iya tsara labari in kina son a bar ki ki kwana gidan ƙawa. Mutanen nan sun ga marasa lafiya iri-iri, ƙarya ɗaya za ta ɓata miki gaskiya goma. Ki gaya musu akwai ranakun da kike garau, har ki hau metro ki je sinima, sannan ki gaya musu sauran ranakun, da yadda suke yawaita in hunturu ya shigo. Ciwonki mai zuwa ne ya tafi, su kuma rabin awa kawai za su gan ki, in ba ki ba su labarin ranar da ba su gani ba, ba mai ba su.

Mun kuma tafi da Alhaji Lawali, abokin babanki, wanda ke aikin fassara a ofishin da babanki ke aikin tuƙi. Allah ya saka masa, don zumunci ya bar aikinsa ya zo. Mu muka roƙe shi, muna ganin mai Faransancin da ya fi na Faransawa shi zai ciwo mana kansu. Ya gyara babbar riga ya fara. Ya gode wa ƙasar Faransa, ya gode wa likitocinta, ya ce mu mutane ne masu mutunci da ba su saba roƙo ba, ya ce ke ce kan gaba a ajinku. Ni da nake tsintar Faransanci ɗaya-ɗaya ma na ji maganar ta yi zaƙi. Har ya gama bai ambaci ƙugu ba, don bai taɓa ganinki kina birgima a ƙasa ba, kullum a tsaye yake ganinki kina miƙa masa shayi. Shi ya sa da kika ce ke za ki yi wa kanki magana na yi ta mita a fili, amma a zuci na san kin fi mu hankali. Ba wanda ya san inda ke miki ciwo sai ke.

Yanzu ga wanda ya fi mini nauyi. Matar da ke shugabantar zaman, wata mai furfura da tabarau a wuya, ta ɗaga wa Alhaji hannu ya yi shiru, ta juyo wajena.

Ta ce, "Madam, ke nake tambaya. Daga safe zuwa yamma, me kike yi wa 'yarki wanda ba a yi wa yarinya mai shekarunta?"

Alhaji ya fassara mini, ko da yake na riga na gane. Babanki na zaune a damana, Alhaji a haguna, ke kuma kina gefe kina wasa da bakin ɗankwalinki.

Ke ce 'yar fari. Yadda aka tashe mu, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, balle a gaban abokin mijinta. Da a gida ne, kakarki ce za ta ɗauke ki, ita za ta yi kuka a fili in kin kwanta, ita za ta amsa wannan tambaya, ni kuwa in kau da kai kamar 'yar maƙwabta ake magana. A Paris ba kaka, ni ce uwa ni ce kaka, amma bakina bai san an canza ƙasa ba. A safiyar nan kanta ni na yi miki wanka a zaune, ni na sa miki safa, ni na ɗaura zani na goya ki, budurwa mai shekara goma sha uku, na sauko da ke hawa bakwai ina tsayawa a kowane bene in mayar da numfashi. Bayana bai daina zogi ba a lokacin da nake zaune a kujerar nan.

Na sunkuyar da kai na ce, "Ba abin da nake yi mata. Yarinyar nan ita ke yi wa kanta komai."

Alhaji ya dube ni. Ya rage murya ya ce, "Hajiya, haka zan faɗa?"

Na ce, "Haka za ka faɗa, Alhaji."

Matar ba ta haƙura ba. Ta ce, "Ko wanka? Ko sa tufafi?" Na girgiza kai. Babanki ya zuba wa takalminsa ido, don shi ma kunyar ce ta riƙe shi. Ta ɗan jira, sannan ta sa tabaranta ta rubuta abin da na faɗa.

A hanyar dawowa babanki da Alhaji suka wuce wurin aiki, mu biyu muka shiga metro. Maganin ya sake ki, kin jingina da gilashi, kwallin ya fara zubowa. Muna gab da sauka kika ce, "Mama, da safe fa kin goya ni."

Na ce, "Rufe mini baki, mutane na jin mu."

Ba mai jin Hausa ko ɗaya a cikin jirgin nan, na kuma sani. Ba ki sake tayar da maganar ba har yau, amma na lura tun daga ranar kika daina kirana in za ki shiga wanka, sai in ji ki kina fama ke kaɗai. Shekara bakwai ke nan abin yana cina. Ban yi musun wahalar da na yi ba don na gaji da ke, ko don ina jin kunyar ciwonki. Ban taɓa gajiya da ke ba. Ina sonki fiye da yadda aka koya mini in nuna, kuma ranar na zaɓi kada Alhaji ya ce ba ni da kunya, na bar ki kika faɗi. Ki yafe mini.

To ke kada ki gaji wannan a wajena. Kunya tana da wurinta, ban ce ki zubar da ita ba, amma a bakin ƙofar ɗakin nan za ki ajiye ta, in kin fito ki ɗauki abarki. Za su tambaye ki abin da ko ni ba kya so in tambaya, yadda kike shiga bahon wanka, yadda kike tashi daga masai, ko kina iya yanke farcen ƙafarki, minti nawa kike iya tsayuwa a ɗakin gwaje-gwajenku kafin ƙafar ta ƙi. Ki amsa da sunan abin, kada ki ce ana dai lallaɓawa. Ki rubuta manyan maganganunki a takarda guda, ki karanta wa bangon ɗakinki da ƙarfi har bakinki ya saba, don abin da mutum bai taɓa furtawa ba a gaban alƙali yake maƙale masa. In an yi tambayar da ba ki gane ba, ki ce a maimaita. In hawaye ya zo, ki bar shi, ki sha ruwa ki ci gaba, kada ki ba kowa haƙuri. Bakin nan da kike mayar mini da magana tun kina shekara biyar, ga ranarsa ta zo, ki yi amfani da shi.

Na so in gyara a wancan lokaci. Na yi alkawari a raina in sun hana za mu ɗaukaka ƙara, in je ni kaɗai in faɗi gaskiya. Amsar ta iso babanki yana Damagaram wajen rasuwar kakarki, ambulan kuma da sunansa. Ni ban taɓa buɗe wasiƙar mijina ba. Na ɗora ta a kan kabad na rufe da kyalle don kada ta yi ƙura, na bar ta tana jiransa. Da ya dawo ya buɗe, ashe wata biyu suka ba mu, kuma sun wuce da kwana tara. Ya bi ofis-ofis yana bayani, kowa ya tausaya masa, ba wanda ya buɗe ƙofar. Don haka abu na farko da za ki yi a Villeurbanne, tun kafin ki jera littattafanki, ki manna sunanki a akwatin wasiƙa, da manyan baƙaƙe. Ki duba shi kullum, abin da ya zo ki buɗe a ranar, ki nemo kwanan watan da ke ciki ki rubuta a bango. Duk abin da za ki aika musu ki aika ta rekomande, wato wasiƙa mai rajista, ki adana 'yar takardar da gidan waya zai ba ki. In kuma ranar zaman ta same ki a gadon asibiti, Allah ya kiyaye, kada ki yi shiru, ki sa a aika musu shaidar likita a nemi wata rana.

A saman dosiyen za ki ga wata takarda da sa hannuna. Akwai wani dattijo da ke zama a ma'aikatar magajin gari ranar Talata yana rubuta wa irinmu wasiƙa. Na je na ce ya rubuta mini shaidar abin da nake yi miki. Ya ɗauki biro, na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa ɗan abin da ba a rasa ba ne nake taimakonki da shi. Ya ajiye biron ya ce, "Madam, in haka ne ba kya bukatata." Na tashi na fita a fusace, har na kai bakin titi ina cewa wannan tsoho ba shi da ladabi. Talata ta zagayo na koma. Wannan karon na faɗi komai, wankan, safar, goyon, da ranakun da nake ba ki abinci a baki don hannun ma ya kumbura. Shafi biyu ya cika. Na kawo wa babanki ya karanta, da ya gama ya ce na manta da hunturun da ya riƙa ɗaukar ki daga mota zuwa ƙofar aji. Ya zauna ya rubuta tasa da hannunsa, tana bayan tawa. Ki miƙa musu duka biyun.

Saura abu guda, shi ne na kwanan nan, kuma ba wanda ya san shi sai Allah. Ranar da takardar hana ki ta iso, kin karanta a tsaye a kicin, kika shige ɗaki kika rufe ƙofa. Ni ina gaban tukunya. Kafin baƙin ciki ya zo mini, daɗi ne ya fara zuwa. Na ce a raina shi ke nan, Lyon ta fasa, za ta zauna a inda idona ke ganinta, in ƙugun ya tashi ina kusa. Har miyar ranar sai da ta fi daɗi. Sai da na ji kukanki ta bango sannan na gane ina shirin sake kayar da ke, wannan karon da addu'a. Har yanzu wannan zuciyar ba ta mutu ba, in gaya miki gaskiya. Tana nan tana so Disamba ta yi ki shigo da akwatinki duka. Shi ya sa ba zan zo Lyon ranar zaman ba, ko da kin kira ni a waya kin ce in zo. In ina ɗakin za ki riƙa duban fuskata, ni kuma ban yarda da fuskar tawa ba.

Ki je ki ci shari'arki. Ina so Disamba ki shigo gidan nan da 'yar jakar hannu, ki ci tuwo, ki ce na cika gishiri, ki yi kwana goma ki koma abinki, ni kuma in raka ki tasha in dawo in yi kukana.

Allah ya buɗa miki baki a gabansu, ya sa su saurare ki da zuciyar adalci. Allah ya sassauta miki ciwo, ya tsare fitarki da shigarki, ya kare ki daga zamewa a kan ƙanƙara da hawan benen da ba dole. Ki sha ruwa da yawa ko ba kya jin ƙishi, ki sa rigar sanyin nan mai kauri ko da kin ce ta tsofaffi ce. Ki riƙe salla. Allah ya yi miki albarka, ya sada mu da alheri.

Mahaifiyarki,
Hadiza